Fashin Baƙi: Wane Ne Mataimaki na Gaskiya a Wasan Dead by Daylight?

Me ya sa ɗan wasan da ya ɗauki akwatin magani, ya cika gurabensa da baiwar jinya (baiwa ita ce ƙwarewa ta musamman da ɗan wasa ke zaɓa kafin a fara), kuma ya shiga fili da niyyar taimakon kowa, sau da yawa yakan zama shi ne silar faɗuwar tawagarsa? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a tsakanin masu buga Dead by Daylight, wasan ban tsoro na kamfanin Behaviour Interactive da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada, wanda ya fito a watan Yunin 2016. Muhawarar takan sake ɗaukar zafi duk lokacin da kamfanin ya taɓa lissafin jinya ko na ceto. Wasu na ganin mataimaki shi ne mai warkar da duk wanda ya ji rauni, wasu na cewa babu taimakon da ya kai mutum ya duƙufa kan aikin janareta, wasu kuma sun haƙiƙance cewa wanda ya iya jan makashi ya yi ta zagaye da shi ya fi kowa amfani. A ganina, kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya, amma abin da ke raba mataimaki mai amfani da mai ɓata aiki shi ne yadda yake kashe lokacin tawagarsa, domin lokaci ne kaɗai dukiyar da mutum huɗun nan suke da ita.

Yadda wasan yake tafiya

Mutum biyar ne ke shiga kowane zagaye. Ɗaya shi ne makashi, sauran huɗun masu neman tsira ne, kuma ba su da makamin da za su kashe shi da shi. A cikin filin akwai janareta 7, ana bukatar a gyara 5 daga cikinsu kafin wuta ta isa ƙofofin fita guda biyu, sannan buɗe kowace ƙofa na cin daƙiƙa 20. Makashi yana farautarsu ɗaya bayan ɗaya. A yawancin lokuta sara na farko yana raunata mutum, na biyu ya kayar da shi ƙasa, daga nan makashin ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi ya rataye a ƙugiya.

Ƙugiyar tana da matakai uku. Wanda aka rataye karo na farko yana mataki na ɗaya, idan aka sake rataye shi ko aka bar shi ya daɗe sai ya shiga na biyu, na uku kuwa shi ne mutuwa da fita daga zagayen. Tun daga shekarar 2024 kowane mataki na ɗaukar daƙiƙa 70, a da kuwa 60 ne. Mai neman tsira yana gudun mita 4 a daƙiƙa, yawancin makasa suna yin mita 4.6, saboda haka a fili tsirara babu wanda zai tsere. Abin da ke tsawaita gudu shi ne tagogi da ake tsallakawa da katakon shinge da ake kayarwa a gaban makashi. Wasan na manya ne, akwai jini da tashin hankali a cikinsa, kuma hukumomin tantance wasanni sun sanya shi a rukunin manya.

Me ake nufi da gina mataimaki

Abu na farko da sababbin shiga ke kuskurewa shi ne zaton cewa akwai jarumin da aka halitta domin jinya. A wannan wasa duk masu neman tsira ƙarfinsu ɗaya, gudunsu ɗaya, saurin aikinsu ɗaya. Claudette Morel, masaniyar tsirrai da ke cikin jarumai huɗu na farko tare da Dwight Fairfield da Meg Thomas da Jake Park, ba ta fi kowa saurin jinya ba idan aka cire baiwowin da take zuwa da su. Kowane jarumi yana zuwa da baiwa uku nasa na kansa, kuma idan ɗan wasa ya ciyar da shi gaba har ya kai matakin girma na farko, baiwowin nan sukan buɗe ga sauran jaruman duka. Ke nan ana iya ɗaukar baiwar Claudette a ɗora wa Dwight, ko ta Dwight a ɗora wa Meg.

Gina mataimaki, a taƙaice, zaɓi ne na abin da za a saka a gurabe huɗu na baiwa, da kayan hannu guda ɗaya, da ƙarin kayan haɗi biyu da ke inganta shi. Gurabe huɗu ba su da yawa idan aka dubi cewa baiwowin masu neman tsira sun haura ɗari, don haka duk abin da mutum ya ɗauka akwai wani abin da ya bari. Wuri ɗaya da kamfanin ya raba aiki a fili shi ne salon makasa biyu da masu neman tsira takwas da ya fara fitowa a 2024, inda aka ware rukunai huɗu, ciki har da na mai jinya. A ainihin wasan kuwa, ɗan wasa ne ke naɗa kansa mataimaki, kuma babu wanda zai faɗa masa ko tawagar na bukatarsa a haka.

Lissafin daƙiƙu

Duk wanda bai riƙe wannan lissafi ba zai yi ta aikin alheri yana cutar da abokansa. Tun daga babban garambawul na watan Yulin 2022, gyaran janareta ɗaya na cin daƙiƙa 90 idan mutum ɗaya ne a kansa. Janareta biyar ke nan daƙiƙa 450 na aikin hannu. Idan mutum biyu suka haɗu a kan janareta guda, saurin kowannensu na raguwa da kashi 15 cikin 100, sai su gama a kusan daƙiƙa 53, wanda idan aka haɗa lokacin su biyun ya kai 106. Sun yi sauri a wuri ɗaya, amma sun yi wa tawaga asarar kusan daƙiƙa 16.

Jinyar mutum daga rauni zuwa lafiya na cin daƙiƙa 16, sai dai mutum biyu ne ke tsayawa cak a lokacin, mai jinya da wanda ake yi wa, don haka ainihin kuɗinta daƙiƙa 32 ne, sama da kashi ɗaya bisa uku na janareta. Ba a ma lissafa tafiyar da mai jinyar ya yi daga wancan gefen fili ba. Abin da ake saye da daƙiƙu 32 ɗin nan shi ne ƙarin sara ɗaya da mutum zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Ga ɗan wasan da ya ƙware a zagaye, sara ɗaya na iya zama ƙarin rabin minti ko fiye da haka na wahalar da makashi, yayin da mutum uku ke aiki. Ga wanda bai iya ba, lafiyar takan tafi cikin daƙiƙa goma.

A ɓangaren makashi kuwa, jimillar matakan ƙugiya na mutum huɗu 12 ne, amma ba ya bukatar ya bi su duka kafin wasa ya juya masa. Idan ya tattara uku a kan mutum ɗaya da wuri, tawagar ta koma mutum uku, kuma daga nan lissafi ya lalace: ɗaya yana kan ƙugiya, ɗaya yana hanyar ceto, ɗaya ana binsa, babu kowa a kan janareta. Wannan shi ya sa nake ganin babban aikin mataimaki shi ne ya tabbatar cewa har yanzu su huɗu ne a raye lokacin da janareta na huɗu da na biyar ke kan hanya. Duk baiwar da zai ɗauka sai a auna ta da wannan.

Gani kafin aiki

Wasan ba shi da hanyar magana da murya a cikinsa. Abokai huɗu da suka shiga tare sukan yi amfani da manhajar Discord su riƙa sanar da juna inda makashi yake, amma wanda ya shiga shi kaɗai aka haɗa shi da baƙi ba ya jin kowa. A watan Janairun 2023 kamfanin ya ƙara ƙananan alamu a gefen hoton kowane ɗan wasa da ke nuna abin da yake yi, ko gyara, ko jinya, ko gudu daga makashi. Wannan ya rage duhu sosai, sai dai alamun ba su nuna inda mutum yake ba, kuma ba su nuna wanda ya kama hanyar zuwa ceto ba.

Saboda wannan giɓi ne baiwar Kindred ta zama ginshiƙin mataimaki mai wasa shi kaɗai. Idan aka rataye wani, mai ita yana ganin inuwar sauran abokansa, wato siffar jikinsu ko da bango ya tare su, duk inda suke, yana kuma ganin makashin idan ya tsaya kusa da ƙugiyar. Idan shi aka rataye, sauran ukun duka suna ganin juna. Amfaninta ba ya bayyana a allon maki, amma tana kashe manyan cututtuka biyu na wasan baƙi: mutum uku su bar aiki su ruga ƙugiya a lokaci guda, ko kuma kowa ya zaci wani ya tafi har wanda ke rataye ya shiga mataki na biyu a banza. Bond ta Dwight tana nuna abokan da ke cikin tazarar mita 36, Empathy ta Claudette kuma tana nuna waɗanda suka ji rauni. Ɗaya daga cikin ukun ta isa, kuma ga masu magana ta Discord gurbin ma ana iya ba wa wani abu daban.

Akwai kuma Deja Vu, wadda ba kowa ke lissafa ta cikin kayan taimako ba, alhali tana hana wata masifa sananniya. Tana nuna janareta uku da suka fi kusa da juna. Idan tawaga ta gyara na nesa duka ta bar waɗannan ukun a ƙarshe, makashi zai yi ta kewaya tsakaninsu cikin 'yan takunsa yana lalata aiki, matsalar da ta yi tsanani har a farkon 2024 kamfanin ya ƙayyade cewa makashi ba zai iya lalata janareta guda fiye da sau 8 ba.

Ceto daga ƙugiya, inda aka fi yin ɓarna

Sauke mutum daga ƙugiya na cin kusan daƙiƙa ɗaya tak, amma a nan ne ake gane wanda ya san aikin. A ɗauka an rataye Meg karo na farko a bayan wata rumfa, makashi ya juya ya fara tafiya. Sabon mataimaki yana laɓe a bayan dutse tun kafin a gama ratayewa, yana jin bugun zuciyar da ke nuna makashi na kusa bai ko lafa ba, sai ya yi wuf ya sauke ta. Wasan yana sanar da makashi nan take cewa an yi ceto. Ya juyo, ya ga jajayen alamun gudu a ƙasa da ɗigon jini, ya ji nishin Meg, ga ta da rauni, ga mai ceton da lafiyarsa. Kowane makashi mai son nasara ya san wanda zai bi. Cikin minti ɗaya Meg ta koma ƙugiya a mataki na biyu, saura mata ɗaya, kuma janareta ko ɗaya ba a gama ba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Wanda ya san aiki yakan tuna cewa yana da daƙiƙa 70. Yakan ci gaba da gyara na ɗan lokaci, ya duba alamun gefe ya ga an fara bin wani, sannan ya taso ta hanyar da makashi ba zai gan shi ba, ya sauke ta da sauran lokaci a hannu. Idan makashin ya dawo, mai ceton ne ke fitowa fili ya nuna kansa, ya tsaya tsakanin makashi da mai rauni, ya ɗauki saran da jikinsa idan ta kama.

Dalilin da ya sa gaggawar ceto ta yi yawa yana cikin tsarin lada na wasan. Ana raba maki gida huɗu, ɗaya daga ciki na taimakon abokai ne, kuma ceto na kawo maki masu kauri cikin daƙiƙa ɗaya, yayin da janareta ke bukatar zama da haƙuri. Ɗan wasa yakan koyi abin da allo ke saka masa a kai. Kamfanin ya yi ta ƙoƙarin rage illar. A 2022 ya sanya cewa duk wanda aka sauke yana samun kariya ta 'yan daƙiƙu daga faɗuwa tare da ƙarin gudu, ba tare da wata baiwa ba, abin da a da sai mai ceton na ɗauke da Borrowed Time ta Bill Overbeck ake samunsa. A watan Oktoban 2023 kuma aka ƙara ma'aunin da ke cika idan makashi ya tsaya gadi cikin mita 16 daga ƙugiya, wanda idan ya cika mutum zai iya sauke kansa. Waɗannan gyare-gyare sun rage zafi, amma ba su mayar da mummunan ceto ya zama mai kyau ba.

Baiwowin ceto da suka fi cancanta su ne masu sayen lokaci ko masu raba nauyin ƙugiya. Reassurance ta Rebecca Chambers, wadda ta zo a watan Agustan 2022, tana dakatar da agogon ƙugiya na daƙiƙa 30 idan mai ita ya matso cikin mita 6. A kan makashin da ya kafe yana gadi, wannan daƙiƙa 30 ne kyauta ga masu gyara, kuma mai ita bai sauke kowa cikin haɗari ba. We'll Make It tana ninka saurin jinya na daƙiƙa 90 bayan ceto, sai jinyar 16 ta koma 8, wato kuɗin da ake biya ya ragu da rabi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shoulder the Burden ta Taurie Cain, wadda ta fito a ƙarshen 2024, ta fi kowace bayyana manufar mataimaki ƙarara: mai ceton yana cire mataki ɗaya na ƙugiya daga kan abokinsa ya ɗora wa kansa, sau ɗaya a zagaye, kuma yana biyan farashi domin yakan yi ihu ya tona inda yake, sannan na wani lokaci sara ɗaya ya isa ya kayar da shi. Ga makashin da ya nace wa mutum ɗaya, wannan na rusa masa lissafi gaba ɗaya.

Jinya da iyakarta

Ba kowane rauni ne ke bukatar magani nan take ba, kuma wannan ne darasin da ya fi yi wa masu son taimako wuyar karɓa. Idan janareta ya kai kashi 80 cikin 100 kuma makashi na can nesa yana bin wani, ƙarasa shi ya fi tsayawa jinya. Idan mai raunin yana matakin ƙarshe na ƙugiya, jinyarsa ta wuce komai. Idan kuwa wanda ba a taɓa ratayewa ba ne, zai iya jira.

Self-Care ta Claudette, wadda sababbin shiga ke ƙauna saboda tana ba mutum damar warkar da kansa ba tare da kaya ba, tana aiki ne da kashi 35 cikin 100 na saurin da aka saba, wato kimanin daƙiƙa 46, rabin janareta ke nan a kan mutum ɗaya da ke tsugune a lungu. Botany Knowledge, ita ma ta Claudette, ta fi dacewa da mataimaki saboda tana ƙara saurin jinyar da yake yi. For the People ta Zarina Kassir kuwa tana warkar da aboki nan take, amma mai ita ya koma mai rauni kuma ba za a iya warkar da shi ba na wani lokaci. A hannun wanda ya san lokacinta, tana ɗaga wanda ya faɗi daga ƙasa a gaban idon makashi. A hannun wanda bai sani ba, tana ba makashi mutum biyu masu rauni maimakon ɗaya.

Tarihin jinya a wasan ya nuna inda kamfanin ya dosa. A watan Oktoban 2021 Mikaela Reid ta zo da Circle of Healing, inda ake tsarkake ɗaya daga cikin tarin ƙasusuwa biyar da ke fili, sai ya zama da'ira mai nisan mita 24 daga tsakiya zuwa baki, da kowa ke shiga ya warkar da kansa da sauri. Ta yi ƙarfi har makasa da ke dogaro da raunata mutane da yawa suka rasa abin yi. A watan Afrilun 2023 aka cire mata warkar da kai, aka kuma rage ƙarfin akwatin magani wajen jinyar kai. Manufar a bayyane take: lafiya ta riƙa zuwa daga hannun aboki. Wannan ya ɗaga darajar mataimaki, ya kuma ƙara masa nauyi.

Tocila da fasa ƙugiya

Ana iya haska tocila a idon makashi daidai lokacin da yake ɗaukar wanda ya faɗi, sai ya sake shi. Ana kuma iya lalata ƙugiyar da ya nufa da akwatin kayan aiki ko da baiwar Saboteur ta Jake, tunda wanda aka saɓa yana iya ƙwace kansa bayan daƙiƙa 16 na fafutuka. Idan abin ya yi daidai, an hana makashi mataki guda kacokan, kuma babu abin da ya fi shi daɗin gani. Matsalar ita ce mai tocila yakan bi bayan makashi na tsawon minti ɗaya ko biyu yana jiran dama, ba ya gyara komai, sai makashin ya juya fuskarsa bango ya ɗauki mutuminsa lafiya lau. Idan ma yana ɗauke da baiwar makasa mai suna Lightborn, hasken ba ya yi masa komai. Ban ga hikimar sabon ɗan wasa ya fara da wannan salo ba.

Mataimakin da ba ya iya gudu

Kuskuren gini mafi yawa shi ne cika gurabe huɗu da kayan jinya da ceto. Mataimaki ne ya fi kowa shiga kusa da makashi, domin shi ke zuwa ƙugiya, shi ke ɗaukar sara, shi ke jan hankali daga kan mai rauni. Idan yana faɗuwa cikin daƙiƙa 15, ya zama shi ne nauyin da wasu za su bar aiki su ɗauka. Gurbi ɗaya aƙalla ya kamata ya tafi ga tsiran kansa, kamar Sprint Burst ta Meg da ke ba da gudun kashi 150 cikin 100 na daƙiƙa 3, ko Lithe ta Feng Min da ke tashi bayan tsallake taga, ko Windows of Opportunity ta Kate Denson da ke nuna tagogi da shingayen da ke kusa. Deliverance ta Adam Francis ma ta dace da shi, domin bayan ya yi ceto mai lafiya tana ba shi tabbacin sauke kansa a ratayewar farko, wanda ke nufin babu wanda zai bar janareta saboda shi.

Tsarin da nake ganin ya fi daidaito shi ne gurbi ɗaya na gani, ɗaya na ceto, ɗaya na jinya ko saurin aiki, ɗaya na gudu. Sai dai babu tsarin da ke tsira daga kowane makashi, tunda ba a sanin wanda za a haɗu da shi sai an shiga fili. Makashiya The Plague tana sa wa mutane cutar da ke hana jinya, don haka akwatin magani da Botany Knowledge sun tashi a banza. The Legion yana raunata kowa cikin sauri har maimaita jinya ya zama ɓata lokaci. The Oni kuwa yana tara ƙarfinsa ne daga jinin masu rauni, a kansa barin mutum babu jinya ganganci ne. Makashin da ke ɗauke da baiwar A Nurse's Calling yana ganin inuwar masu jinya da ke kusa da shi, saboda haka tsayawa yin magani a gindin ƙugiya gayyatarsa ce. Mataimaki nagari yana karanta waɗannan alamu a minti biyu na farko ya sauya hali, ko da baiwowinsa biyu sun zama kwalliya.

Inda ake saɓani

Masu cewa janareta ne kawai taimako suna da hujja mai ƙarfi: kowace daƙiƙa da aka rage daga 450 ɗin nan daƙiƙa ce da makashi ba zai samu ba, kuma tawagar da ta gama aiki cikin minti biyar ba ta bukatar jinya da yawa. Rauninsu shi ne ƙarshen wasa, lokacin da ƙofofi suka samu wuta amma mutum uku na da rauni, ɗaya na rataye, babu mai lafiyar da zai je ceto. Masu buga makashi kuma suna kukan cewa kariya bayan ceto da dakatar da agogo da sauran damammaki na biyu, idan suka haɗu a hannun abokai huɗu masu magana da juna, sukan sa wasan ya fi ƙarfinsu, har hakan ke tura su nace wa mutum ɗaya. Masu neman tsira su kaɗai suna mayar da martani cewa ba don wannan nacin ba, da ba su ɓata gurabensu kan kayan kariya ba. Ina ganin duka biyun gaskiya suke faɗa game da wasanni biyu mabambanta, domin baiwar da ke zama zalunci a hannun tawaga mai Discord ita ce ɗan abin da ke riƙe baƙi huɗu kada su watse, kuma kamfanin na ƙoƙarin daidaita su da lamba ɗaya.

Abin da wannan ke nufi ga ɗan wasa na yau da kullum

Gina mataimaki mai kyau ba ya bukatar ƙarin kuɗi. Kindred da We'll Make It da Deja Vu baiwowi ne na kowa da kowa, Dwight da Meg da Claudette kuma suna zuwa da ainihin wasan, don haka Kindred da We'll Make It da Botany Knowledge da Sprint Burst sun isa su yi aiki tun kafin mutum ya sayi wani jarumi. Lambobin baiwowi sukan canza daga sabuntawa zuwa sabuntawa, saboda haka yana da kyau a riƙa karanta bayanin kowace a cikin wasan kafin a saka ta. Wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa kuma ya fi dacewa ya guji salon da ke rataye kan rabin daƙiƙa, kamar ceto da tocila, ya karkata ga gani da jinya da dakatar da agogo, waɗanda jinkirin layi ba ya ɓata su sosai.

Ga mafi yawan matasanmu da waya ce na'urar wasansu, sigar Dead by Daylight ta waya da ta fito a 2020 an rufe ta a watan Maris na 2025. Daga cikin waɗanda suka rage a wannan salo akwai Identity V na kamfanin NetEase na ƙasar Sin, da ya fito a 2018 da haɗin gwiwar Behaviour. A can ana warware na'urorin sirri 5 ne a maimakon janareta, ana ɗaure mutum a kujerar roka a maimakon ƙugiya, kuma ba kamar a Dead by Daylight ba, kowane jarumi na da aikinsa na musamman, an raba su zuwa masu warwarewa da masu jan mafarauci da masu ceto da masu taimako. Likita Emily Dyer ce mai saurin jinya, sojan haya Naib Subedar kuma shi ake turawa kujera saboda saran da aka yi masa ba ya kama shi nan take. Tawagar da ta shiga da masu taimako biyu ko uku ba tare da mai warwarewa ba takan tsinci kanta da na'urori uku a tsaye alhali mafarauci ya riga ya ɗaure mutum na biyu.